Ranar Mayar da Gida

Babanmu ne ya sa mini suna Jirgin Safe, wai don ban iya jira ba. Ban taɓa musu ba. Har yau, da furfurata da jikokina, in mutum ya tsaya yana jan magana sai in ji ƙafata tana rawa. To ku haɗa wannan hali da na Mama, wadda za ta iya cinye rabin safiya wajen ninke zane ɗaya, sai ku gane irin makon da na sha a kwatas ɗin reluwe shekarar da aka zo rushe shi. Yanzu Mama ta tafi wurin Ubangijinta, kwatas ɗin ma babu shi, shaguna ne jere a wurin. Amma ko a ina na ji warin ɗanyar farar ƙasa, sai in gan ni tsaye a falon nan da burushi a hannu, ina cika ina batsewa.

Ƙanena ne ya kira ni a waya. Auta muke ce masa har yanzu, ko da yake ya aje tumbi da 'ya'ya, yana kuma da shagon kayan wutar lantarki a garin. Ya ce an zo an shafa jan fenti a bangon kowane gida, an sanar cewa ran Litinin katafila za ta shigo, wanda ya fita ya fita, wanda bai fita ba a fitar da shi. Maƙwabta sun fara kwashe kaya, in ji shi, amma Mama ta ce ita ba inda za ta tukuna. Na tambaye shi dalili, ya ce in zo in ji da kunnena, shi bakinsa ya gaji.

Hankalina ya tashi. Tun rasuwar Baba nake roƙon Mama ta dawo wurina. Na ware mata ɗaki a gidana, na sa gado, na rataya labule, ɗakin yana nan a rufe shekara da shekaru, ita kuwa kullum amsarta ɗaya ce, ba a ce ta tashi ba. To ga shi an ce. Abin da nake tsoro shi ne wasu ƙarti su ɗauko mini uwa kamar buhu su dire ta a titi mutane suna kallo. Na san halinta sarai, in ta kafe ta kafe. Na nemi hutu a asibitin da nake aikin jinya, na shiga motata na kama hanya.

Kwatas ɗin layi ɗaya ne na gidaje iri guda, ɗaki biyu da falo da ɗan madafi a baya, duk suna kallon layin dogo. Ina budurwa muka tare a nan, kuma nan ne Baba ya ƙare aikinsa. A lokacin, in jirgi zai wuce, kofuna har rawa suke a kan kanta, mu kuwa ko a jikinmu, baƙi ne kawai ke firgita. Daga baya jirgin ya fara fashi, sannan ya daina zuwa gaba ɗaya, ciyawa ta haɗiye ƙarfen, hukuma ta manta da tsofaffin ma'aikata da gwaurayensu a ciki. Ranar da na isa, da ƙyar na gane layinmu. Mutane sun ciccire ƙofofi da tagogi, wasu suna kan rufi suna ɓalle kwano, ko'ina ƙarar guduma. Gidan Mama ne kaɗai ke da ƙofarsa, da labulensa, da tukunyar fure a bakin taga.

Na shiga da shirin faɗa, sai na yi turus. Kaya duk a ɗaure suke, tsaf, kwali a kan kwali, tukwane a cikin buhu, katifa a naɗe. Mama tana zaune a kan akwatin ƙarfenta tana gyara igiyar tsintsiya. Na durƙusa na gaishe ta, na ce to alhamdu, ashe Auta ne bai iya ba da labari ba, bari in kira mai babbar mota. Ta ce in kira shi mana, kaya su tafi yau ma in na ga dama. Ita ce dai ba za ta bi su ba sai ta mayar da gida.

Rabona da jin wannan kalma tun ina yarinya. Na kuwa san abin da ke cikinta.

Baba ma'aikacin tasha ne, irin waɗanda ba a barinsu su ɗumama kujera. Kafin mu saba da makaranta, an yi masa canjin wurin aiki. Tsarin gidanmu kuwa ba ya sākewa. Baba shi ke yin gaba da 'yar jakarsa, ya je ya ga gidan da aka ba mu, ya toshe inda ke yoyo, ya kori ɓeraye, ya gano inda majami'a take da inda ake ɗebo ruwa. Mu kuma mu tsaya da Mama mu mayar da tsohon gida. Bayan an kai kaya taragon jirgi, sai a kwaɓa farar ƙasa a shafe bango ciki da waje, a gyara duk abin da ya lalace a hannunmu har da wanda muka tarar a lalace, a wanke daɓe. Sannan a bar sabuwar tsintsiya a bayan ƙofa, da ashana a kan taga, da bokiti cike da ruwa. Mama ta bi ɗaki-ɗaki da mu tana yi wa masu shigowa addu'a, mutanen da ba mu san ko launin fatarsu ba, ta miƙa mabuɗi, mu hau jirgi. In mun isa, daga nesa muke hango hular Baba a bakin tasha, yana ɗaga mana hannu tun jirgi bai tsaya ba.

Mama ta sha ba mu asalin abin. Gidan da aka fara ba su suna sabon aure, da cikina a jikinta, sun tarar da shi kamar an kwana ana dambe a ciki, ƙofa a karye, shara har gwiwa, babu ko ɗigon ruwa. Ta zauna a kan wannan akwatin ƙarfen ta yi kuka har ta gode wa Allah. A nan Baba ya yi mata alkawari ba za ta ƙara shiga gidan da bai riga ta shiga ba. Ita kuma ta ce babu macen da za ta ƙara shiga gida a bayanta ta zauna ta yi kuka. Suna cewa duk gidajen nan aro ne, duniyar ma haka, kuma Kirista ba ya mayar da kayan aro a wulaƙance. Muna yara mun ji wannan magana har ta fita mana a kai.

Duk na san wannan. Amma a wancan lokaci akwai masu shigowa. Na daure na yi mata bayani a hankali, yadda nake yi wa majinyaci mai taurin kai, cewa wannan karon babu mai zuwa, ran Litinin gidan zai zama tarin ƙasa, ko ta shafa masa zinariya. Ta saurare ni har na gama, ta ce ta ji, sannan ta ce da Auta ya je ya sayo farar ƙasa da burushi da robar famfo, don na madafi yana ɗiga. Shi kuwa sarkin biyayya, wanda ya ce mini bakinsa ya gaji, tuni ya ɗauki mabuɗin babur ɗinsa.

Na bi shi waje na tsare shi. Na ce ashe shi ma kansa ya taɓu. Ya sosa ƙeya ya ce, Yaya, ko dai mu shafe gidan nan mu tafi da ita, ko mu ƙi shafewa katafila ta same ta zaune a kan akwati, in zaɓa. Allah ya sani na so in maƙure shi, don gaskiya ya faɗa.

Haka muka tura kaya gaba, muka bar tabarmi da 'yan kwanuka, da kujerar Baba wadda Mama ta ce a bari sai ƙarshe. Na ɗaura tsohon zane na kama aiki, ba don na yarda ba, sai don in gama in ɗauke uwata daga wurin nan. Ina shafa ina mita. Mama ta ɗauki ƙasan bango, tana sunkuye, tana bin kowace kusurwa da ɗan ƙaramin burushi sai ka ce mai sa kwalli. In na wuce wuri da sauri, sai in ji ta a bayana tana cewa Jirgin Safe ya tsallake tasha, in dawo. Ga ni da girmana, ina da ma'aikata a ƙarƙashina, ana mayar da ni in sake shafa bayan ƙofa.

Maƙwabta kuwa sun samu abin kallo. Wani da ke kan rufi yana ɓalle kwano ya leƙo ya tambaya ko amarya za a kawo. Wata ta ja ni gefe ta ce cikin tausayi, haka tsufa yake, kakarta ma ta yi irin wannan kafin ta fara ɓata a hanya. Na ce mata uwata ta fi ta hankali nesa ba kusa ba, ta kama gabanta. Ni kaɗai ke da ikon cewa Mama ta rikice, ba wani ba. Auta ma ya gwada sa'arsa, ya ce tun da kowa yana cire ƙofa, mu ma mu cire tamu, katako ne mai kyau, zai yi amfani a shagonsa. Mama ta tambaye shi ko da ita muka zo. Ya ce a'a. Ta ce to ya ɗiga wa ƙarfenta mai, tana ƙara.

Da muka zo bangon waje, na ɗebo farar ƙasa mai kauri na nufi jan fentin nan kai tsaye. Alama ce babba, layi biyu a gicciye, an shafa ta da gadara har fentin ya zubo ƙasa. Tun isowata take ci mini rai, kuma ita kaɗai ce abin da na yi marmarin rufewa a duk gidan. Mama ta riƙe mini hannu. Ta ce masu gida ne suka sa, ba mu da hurumin gogewa. Ta karɓi burushin ta zagaye alamar a hankali, ta bar ta ja wur a tsakiyar farin bango. Na tsaya ina kallonta, na rasa gane kan matar nan. Na zo da tunanin ta ƙi rabuwa da gidan ne, ga ta kuma tana kare wa masu rusau alamarsu.

Ran Lahadi ta hana a taɓa komai. Muka je sujada a 'yar majami'ar da ke bayan tasha, inda aka ɗaura mini aure, inda kuma muka yi wa Baba sujadar ban kwana. Benci na uku daga gaba har yanzu yana da ƙusar da ke kama zane. Mama ta zauna a wurinta na kullum, da farar ƙasa a gefen farcenta, tana rera waƙa da 'yar muryar nan tata da ke rawa in ta hau sama. Fasto ya sa aka yi wa mutanen kwatas addu'a, mata suka yi ta share hawaye, ita kuwa ko gezau. Bayan an tashi ta bi tsofaffin ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya tana sallama, tana cewa in ba a sake haɗuwa a nan ba, to a can.

A hanyar dawowa ne abin ya ƙwace mini. Bayana yana ciwo, hannuna ya tsattsage, gobe Litinin, falo kuma ba a gama ba. Na ce, Mama, don Allah ki gaya mini, wa zai gani? Wa muke yi wa wannan wahala?

Ta ci gaba da tafiya a hankali, tana dogara laimarta. 

"Ranar da likita ya ce babanku ba zai kai ƙarshen mako ba," in ji ta, "wa ya yi masa aski?"

"Ke ce."

"Na san inda za a kai fuskar nan. Ke ma kin sani, ke ce ma'aikaciyar asibiti. Na aske ta tas, na yanke masa farce, na shafa masa mai. Ba ki ce mini wa zai gani ba."



"Gidan nan ya rufa mana asiri," ta ce. "A cikinsa na aurar da ke. Ba don mai shigowa kaɗai nake yi ba. Wanda ya ba ni aro yana gani."

 Muka ƙarasa gida, ta sa Auta ya kunna famfon madafi ya kashe don ta tabbata ya daina ɗiga.

Da gari ya waye ran Litinin muka shiga falo. Daga can ƙarshen layi ana jin ƙugin katafila, an sauke ta daga babbar mota tana ɗumama inji. Na ce su yi sauri, na kama bango ba ji ba gani. Auta ya ɗaga kujerar Baba ya fita da ita zuwa motata. Na juyo da burushi cike, sai na tsaya cak.

A bangon da kujerar take jingine, daidai tsayin kan mutum in yana zaune, akwai wani tabo mai duhu, kewayayye, bai fi tafin hannu ba. Kan Baba ne. Nan yake zama kowace yamma in ya taso daga aiki, ya cire hula, ya jingina ƙeya yana sauraron rediyo, man da yake shafawa a gashi yana shiga bango kaɗan-kaɗan. A nan yake zaune ranar da na kawo masa sakamakon jarrabawata. A nan yake zaune ranar da dangin mijina suka zo. Muna yi masa tsiya muna cewa ko an sace kujerar, ba zai ɓata wurin zamansa ba. Tun rasuwarsa, duk zuwan da na yi gidan nan, kafin in gaishe da Mama idona sai ya fara zuwa kan tabon nan. In babu kowa a falo, nakan zauna in ɗora kaina daidai wurin. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Na shafe dama da shi, na shafe hagu da shi, na shafe sama. Farar ƙasa tana ɗiga daga burushi a kan ƙafata. Ni da nake ta azalzalar kowa, hannuna ya ƙi tashi. Na ji kewar ubana ta taso mini ɗanya shar, kamar jiya aka yi. Na ce wa Mama, ba tare da na juyo ba, wannan wurin a bar shi haka, ai ta bar jan fenti ma. Na ce ko Auta ya samo kurfi ya sassaƙo mini wurin in tafi da shi. Ina faɗa ina jin yadda maganar ta yi kama da ta mahaukata, amma da gaske nake.

Mama ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta daɗe tana kallon tabon. Ita ce ta zauna da shi ita kaɗai duk shekarun nan, safe da yamma, tana karatu da addu'a a ƙarƙashinsa. Ta miƙa hannu ta shafa shi da yatsunta, yadda take shafa kan jikokinta.

"Ba ya nan, 'yata," ta ce. "Ya yi gaba. Ba haka ya saba ba? Shi ya yi gaba, mu mu mayar da gida mu bi shi."

Ta karɓi burushin daga hannuna. Babba ne, ya yi mata nauyi, farar ƙasa tana gangarowa ta gwiwar hannunta. Na kama wuyan hannunta don kada ya faɗi, muka ja shi tare. Mai ba ya jin farar ƙasa da wuri. Shafar farko tabon ya leƙo ta ciki kamar ba a yi komai ba. Muka jira ya sha iska muka sake, muka kuma sakewa. Ina kuka wiwi, da majina da komai, ba irin kukan manya ba. Auta ya shigo ya gan mu, ya juya ya fita, na ji shi yana fyace hanci a bayan madafi. Mama ba ta yi kuka ba. Tana dai cewa in bi a hankali, kada in bar layin burushi.

Kafin mu wanke daɓe rana ta ɗaga, bango ya bushe ya yi fari fat, har yana kashe ido. Ban taɓa ganin falon nan da girma haka ba. Mama ta jingina sabuwar tsintsiya a bayan ƙofa, ta aje ashana a kan taga, Auta ya cika bokiti a famfon da ya gyara. Sannan ta kama hannuwanmu, ni da shi, kamar muna 'yan firamare, ta bi da mu ɗaki-ɗaki. Ina jira in ji wa za ta yi wa addu'a tun da babu mai shigowa. Ta gode wa Allah don kowane ɗaki da abin da aka yi a cikinsa. Ta roƙa wa masu aikin rusau kada bango ya faɗa wa kowa. Ta roƙa wa maƙwabtan da ba su san inda za su kwana ba. Ta roƙa wa waɗanda za su yi ciniki a wurin nan gaba, su sami abin ciyar da 'ya'yansu, kada su tauye mudu. Ta rufe da sunan Yesu, muka ce amin.

Lokacin katafila ta riga ta cinye gidajen farko. Mama ta kulle ƙofa, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta nufi injin nan kai tsaye tana ɗaga laima. Na ce shi ke nan, abin da nake gudu ya zo. Na bi ta da gudu. Direban ya kashe inji ya sauko, wani ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya ɗaure fuska, da alama ya saba da tsofaffin da ke kwanciya a gaban tayarsa. Mama ta ce masa sannu da aiki, ɗana, ta miƙa masa mabuɗi.

Ya kalli mabuɗin, ya kalle ni. Ta ce ya zo ya duba. Ya biyo ta kamar wanda aka yi wa asiri, ya buɗe ƙofar da ba ta ƙara, ya leƙa. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, ya dubi daɓen, ya dubi takalminsa, sai ya sunkuya ya kwance shi. Ta zagaya da shi har madafi, ta gaya masa tagar ɗakin baya sai an ɗan ɗaga ta kafin ta buɗe, haka muka same ta, mun yi iya ƙoƙarinmu. Mutumin nan ya yi tsuru-tsuru a tsakiyar falo da safa mai huji.

"Mama," ya ce, "ba a gaya miki ba ne? Rushewa aka aiko mu mu yi."

"An gaya mini. Kai aka aiko, kai zan ba. Ga ruwa nan mai sanyi, ka kira yaranka su sha."

Ya ce to zai bar nata sai ƙarshe. Ta ce ya yi yadda aka tsara masa, kada ya jawo wa kansa faɗa a wurin aiki saboda ita. Ya juya mabuɗin a hannunsa ya rasa inda zai aje shi, daga baya ya sa a aljihun gaban rigarsa ya ɓalla maɓalli.

Auta ya ɗaure kujerar Baba a bayan mota, ya sa akwatin ƙarfen a ciki. Mama ta shiga gaba ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya, ta ja ƙofa ta rufe da kanta. Ni ce na tsaya a waje. Na zagaya bayan gida wai ina duba ko mun manta wani abu. Na taɓa igiyar shanya. Na leƙa ta taga na sake kallon bangon, ina neman ko inuwar tabon ta rage, babu. Ma'aikatan suna tsaye a bakin ƙofa suna miƙa wa juna kofi. Can injin ya sake tashi. Na shiga mota na kama sitiyari, na sa mabuɗi, amma ban murɗa ba. Idona yana kan madubi, inda farin gidan nan ke tsaye shi kaɗai a cikin layin da babu ƙofa babu rufi.

Mama ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya. Tana kallon hanya, da ɗigon farar ƙasa a gefen kunnenta wanda ba ta san da shi ba.

"Jirgin Safe," ta ce, "kin ce an shirya mini ɗaki?"

"An shirya, Mama. Ya daɗe yana jiranki."

"To me muke jira?"